Waɗanda suka yi jinyar mai zubar jini a ƙwaƙwalwa, me hoton kai ya nuna muku?

Maman 'yan biyu
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan lalura ya zo mu yi magana. Babanmu ne, shekararsa 67, yana alwalar asuba buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, hannun dama da ƙafa suka saki sai ga amai. An yi siti sikan, wato hoton cikin kai, aka ga jini can ciki ta ɓangaren hagu. Alhamdulillah yanzu yana gida, amma da aka yi wani hoton da ake ce wa MRI likitan ƙwaƙwalwa ya ce bayan jinin akwai wasu abubuwa biyu, wai ƙananan jijiyoyin jini na cikin ƙwaƙwalwar sun lalace, ya nuna mana wasu fari-fari da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, sannan babbar jijiyar da ke bi ta wajen ƙeya ta faɗaɗa ta yi tsawo har ta lanƙwashe. Kuma ya ce ba aiki za a yi ba, magani kawai. Ni fa hankalina ya ƙi kwanciya, jijiya ta kumbura a ce ba za a taɓa ta ba?

Direban tifa
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ni kaina ya faru da ni ina da shekara 48. Ina tuƙi na ji ƙafar hagu ta ƙi taka kuloci, na duba sai na ga silifa ta fita daga ƙafata ban ma ji ba, Allah ya taimaka yaron motata ya ja burkin hannu. A asibiti aka auna jinina 220 bisa 120, kuma wallahi ban taɓa sanin ina da hawan jini ba, ba ciwon kai ba jiri ba komai, ina cin tuwona ina lodin yashi. Irin fari-farin nan da kika faɗa nima an gani a nawa, likitan ya ce ba na ranar ba ne, shekaru aka ɗauka ana yin su, har zuciyata ma ta ƙara kauri saboda wahalar tura jini. Yanzu amlodifin da lisinofuril nake sha kullum, na sayi na'urar awo ina aunawa da safe kafin shayi. Tuƙi dai na haƙura.

Sista mai aikin dare
Maman 'yan biyu kwantar da hankalinki, abin da likitan ya faɗa miki haka yake. Ni a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki nake aiki, ina ganin irin takardun nan sosai.

Akwai wasu siraran jijiyoyi da suke reshe kai tsaye daga manyan su nutsa cikin ƙwaƙwalwa, su ne suke shan dukan hawan jini. In aka daɗe bangonsu sai ya yi tauri ya lalace, wata ta toshe ta bar ɗan rami, wata ta yi tsattsafin jini kaɗan wanda mutum ba ya ma ji, su ne baƙaƙen ɗigon da kika gani, ranar da wata ta fashe gaba ɗaya kuma shi ne abin da ya sami Baba. Shi ya sa jinin masu hawan jini ya fi zuba can ƙasa a tsakiya.

Ita kuma babbar, dolikoektasiya za ki ga an rubuta. Kamar tsohon tiyon ban ruwa ne da famfo ya daɗe yana bugawa da ƙarfi, ya saki ya yi faɗi ya yi tsawo ya kama nannaɗewa. Jijiyar ƙeyar nan in faɗinta ya wuce milimita 4.5 ake cewa ta faɗaɗa, an fi gani a dattawa, maza, masu daɗaɗɗen hawan jini, kuma sau da yawa tare ake ganinta da lalacewar ƙananan. Ba ita ce irin ƙullutun da ke fitowa a gefen jijiya ba wanda ake iya ɗaurewa ko a toshe, wannan jijiyar ce gaba ɗayanta ta buɗe kuma daga jikinta rassan da ke ciyar da cibiyar numfashi da haɗiya suke fita, taɓa ta haɗari ne babba. Shi ya sa yawanci ake barinta a sa ido. Abin da ake so jinin ya zauna ƙasa da 130 bisa 80.

Maman 'yan biyu
Na gode Sista, Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na ɗan gane. To zai iya sake zuba kenan?

Sista mai aikin dare
Zai iya 'yar uwa, ba zan ɓoye miki ba, musamman in ɗigon suna da yawa. Amma riƙe jinin a ƙasa yana rage haɗarin sosai, wannan kam an tabbatar.

Autar Inna
Ni nawa labarin babu daɗi. Mahaifiyarmu ta faɗi a tsakar gida bayan la'asar, maƙwabta suka taru, wannan ya ce shafar aljanu ce a kawo hayaƙi, wancan ya ce jini ne ya daskare. Wani mai kemis a layinmu ya zo ya ba da asfirin wai a narka a ba ta yana sinka jini, aka ɗaga kanta aka ɗura mata da cokali tana shaƙewa ruwan na dawowa ta gefen baki yana jiƙa mata ɗankwali. Sai bayan isha aka samu mota. Da aka yi hoto jini ne ya zuba ba toshewa ba, likitan da ya ji an ba ta asfirin sai da ya riƙe kai, ya ce wanda jini ke zuba masa ba a ƙara masa abin da zai hana shi tsayawa, kuma babu mai iya bambance toshewa da zuba da ido sai an yi hoto. Ruwan da aka ɗura ma ya shiga huhu ya zama namoniya. Ba ta tashi ba. Don girman Allah in mutum ya faɗi kar a ba shi komai ta baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi mota, awannin farko ne jinin ke ƙara yaɗuwa.

Direban tifa
Innalillahi. Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri.

Ɗan Damagaram
Amin. Mu namu ya ɗan bambanta. Kakana ya haura 80, tansiyonsa, wato awon jininsa, lafiya lau duk sanda aka gwada, mutum ne mai tafiya gona da ƙafa. Sau biyu jini ya zuba masa kuma ba can ciki ba, ta sama kusa da ƙoƙon kai, na farko magana ta rikice, na biyu ya daina ganin abin da ke gefensa na hagu, in aka ajiye mishi fura ta nan sai ya ce ba a kawo ba. A Yamai aka ce mana wani sinadari ne amiloyid yake taruwa a bangon jijiyoyin tsofaffi ya sa su yi saurin fashewa, kuma irin wannan ya fi saurin maimaituwa, babu maganin da ke cire shi. Sun hana mu ba shi duk wani maganin sinka jini. Ga mantuwa da ta biyo baya, yanzu sunan babana yake kirana da shi.

Uwargidan Malam
Ku kuna ta maganar hoto, ni abin da na gani a gida zan faɗa. Tun kafin Malam ya faɗi, kusan shekara biyu, tafiyarsa ta canza, sai ya riƙa jan ƙafa taku ƙanana-ƙanana, in zai juya sai ya yi ta dabur-dabur, fitsari ya riƙa kufce masa kafin ya kai banɗaki, mutumin da ke karantar da almajirai da ka sai ya tsaya tsakiyar aya yana lalube. Kowa ya ce tsufa ne, shekararsa 61 fa. Bayan zubar jinin likita ta tambaye ni waɗannan ɗaya bayan ɗaya kamar tana gidan, ta ce duk aikin ƙananan jijiyoyin ne. Abin da ya fi min ciwo yanzu kuka, sai a gaishe shi kawai ya fashe da kuka shi kansa ya ce ba ya jin baƙin cikin komai, abin ne ke zuwa. Mutane su yi ta surutu wai an yi masa asiri. Hmm.

Injiniya ba digiri
Maganar jijiyar da ta faɗaɗa, kawuna ma yana da ita amma shi jini bai zuba ba. Idonsa na dama ne ya riƙa rawa, ana ta tsokanarsa wai zai ga baƙo, daga baya har kumatu da gefen baki suka shiga fizga. MRI ya nuna jijiyar ce ta lanƙwaso ta danne jijiyar motsin fuska. Shima hawan jini ne da shi tun tuni yana wasa da magani, in ya ji garau ya ajiye.

Baban Abba na kasuwa
Ni fa gaskiya ina ganin hotunan nan cin kuɗi ne kawai. An ga fari an ga baƙi, ƙarshe dai maganin hawan jini za a ba ka wanda ko ba hoto za a ba ka. Yayana gashi da man zaitun muka yi masa kuma ya miƙe.

Sista mai aikin dare
Baban Abba MRI za a iya jinkirta shi in babu hali, ban musa ba, amma siti sikan na farko babu makawa, ka karanta abin da Autar Inna ta rubuta. Kuma a wajenmu abin ba ƙarami ba ne, binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, wanda ya fito a 2018, ya samu kashi 32 cikin ɗari na masu shanyewar ɓarin jiki zubar jini ne, alhali a Turai da Amurka bai cika wuce 10 zuwa 15 ba. Gashi kuma ai mu ma muna turawa, ɗakin gashi na asibiti, ba wanda ya hana. Yayanka dai a ci gaba da auna shi, miƙewa ba ta nufin jijiyoyin sun gyaru.

Uwargidan Malam
Maman 'yan biyu ki kula da tukunya kuma. Gishiri an ce kar ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule gishiri ne, kanwa ma haka, ga yajin da ake barbaɗawa a komai. Ni tukunyarsa daban nake yi, daddawa da citta da tafarnuwa, ya yi ta mita wai lami ne amma ya saba. Sai magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, an hana mu, suna tayar da jini. Farasitamol kawai.

Maman 'yan biyu
Allah ya biya ku gaba ɗaya. Saura abu ɗaya, Baba ya kafe sai ya koma azumin Litinin da Alhamis, ya za mu yi da maganin safe?

Sista mai aikin dare
Kar ku canza lokacin da kanku, ku koma wajen likitansa da takardar awon da kuke rubutawa safe da yamma, akwai masu sha sau ɗaya a yini da ake iya mayarwa lokacin buɗa baki ko sahur, amma in yana kan na sa fitsari ga zafin nan zai iya bushewa jinin ya faɗi ya yanke jiki. Ni dai da za a bi tawa ya bari sai jinin ya daidaita tukunna, nafila ce, ki sa limamin unguwarku ya yi masa magana zai fi jin tasa.