Wankin jijiyar haƙori: me ya sa turmi ke tsagewa bayan an gama aiki?

Sistar Ɗakin Haƙori:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ke yawan dawowa asibitocin haƙori: a yi wa mutum wankin jijiya, ciwo ya tafi, bayan wata shida ko shekara sai ga shi da turmin ya tsage biyu, ƙarshenta a cire. Shi kuma sai ya ce aikin ne bai yi kyau ba. Likitoci da masu haɗa hula, wato rufin da ake ɗora wa haƙori, kowa ya faɗi inda yake ganin gizo ke saƙa.

Likitan Turame:
Wa alaikumus salam Sista. Sai an san aikin kafin a san inda yake ɓaci. A tsakiyar haƙori akwai ɓargo mai jijiya da jini, yana gangarawa ta siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa. Idan ruɓa ta kai can, ƙwayoyin cuta sun samu maɓoyar da maganin sha ba ya isa, shi ya sa amoksisilin ke kwantar da kumburi na 'yan kwanaki, ciwon ya sake tashi. Zafin da ke daɗewa bayan an sha ruwan sanyi ko shayi, ko wanda ke hana barci, alama ce. In kuma ya yi shiru da kansa, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a gindin saiwa.

Ana ɗaukar hoto, a yi allurar kashe wurin, a shimfiɗa roba ta raba haƙorin da yawu, sannan a huda daga sama. Ana auna tsawon kowace hanya da na'ura, aiki ya tsaya rabin milimita zuwa milimita 1 kafin ƙarshen saiwa. A faɗaɗa da fayil, wato siraran ƙarafa masu kama da allura, a fara da lamba 10 ko 15, ana yi ana wankewa da sodiyam haifokulorait, ɗan'uwan bilicin wanki. Wannan ruwan shi ne ainihin mai aikin, fayil hanya kawai yake buɗa masa. Idan akwai mugunya a zuba kalsiyam haidiroksaid, mai kashe ƙwayoyin cuta, a rufe na mako 1 zuwa 2. In ya bushe ba wari, a cike hanyoyin da gataparca, wani ciko mai kama da roba, da mannenta.

Dattijon Likita:
Dakta ya faɗi daidai, amma zan tsaya a kan ƙidayar hanyoyi, don nan ake yawan tuntuɓe. Haƙorin gaba na sama hanya ɗaya gare shi. Turmin ƙasa uku, wani lokaci huɗu. Turmin farko na sama kuwa saiwa uku ne, amma saiwar gaba ta ɓangaren kunci ta kan ɓoye hanya ta biyu, siririya, a fiye da rabin mutane. Wanda ya wanke uku ya rufe, ta huɗun za ta ci gaba da ruɓa, bayan watanni wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi, yana fashewa yana dawowa. Maganinsa a kwance cikon a sake wanki.

Sai fayil da ke karyewa a saiwa mai lanƙwasa, galibi don an yi ta amfani da shi har ya gaji. Ba lallai haƙorin ya tafi ba. In an riga an wanke hanyar sosai kafin ya karye, ana iya barinsa a ciki ana bibiya da hoto, amma haƙƙin mai haƙori ne a gaya masa. Wanda ya yi aiki ba roba kuwa, yawu na shiga yana mayar da hannun agogo baya.

Maƙerin Hula:
Ranka ya daɗe, duk wannan gaskiya ne, amma tsagewar da Sista ta tambaya daga sama take zuwa. Turmin da ruɓa ta cinye tsakiyarsa, aka kuma huda shi, bangwaye ne kawai suka rage, ba rufin da ke haɗa su. Kowace tauna tana buɗa su kamar ana faskare. Ranar da aka gamu da tsakuwa a shinkafa, ko ƙashi a tsire, ko busasshiyar aya, shi ke nan. In tsagar ta gangara cikin saiwa, babu gyara sai cirewa.

Don haka turmi da maƙwabcinsa na gaba suna buƙatar hula, cikin makonni kaɗan. Haƙorin gaba da bai rasa jiki da yawa ba, farin ciko ya kan wadatar. Sharaɗin hula shi ne ta samu lafiyayyen jikin haƙori milimita 1.5 zuwa 2 sama da dasashi, ta kama shi kewaye kamar zoben ƙarfe a bakin ƙotar wuƙa. Ba wannan, ko hular zakoniya mai ƙarfin gaske aka yi, za ta fita da gutsuren haƙori a ciki.

Sandar da ake kafawa a saiwa ba ta ƙara ƙarfi, cikon sama kawai take riƙewa, kuma dole a bar gataparca milimita 4 zuwa 5 a ƙasa. Hular ƙarfe zalla ita ce ta fi rage sassaƙa, tana kuma daɗewa a turmin can baya da ba a gani. Kada a haɗa ta da haƙorin Makka: wancan ado ne da ake sa wa lafiyayyen haƙori, in bakinsa bai zauna daidai ba, ruɓa ke farawa a ƙarƙashinsa.

Likitan Turame:
Malam ya taɓo inda ke ciwo. Mutane na biyan kuɗin wanki, ciwo na tafiya sai su ɗauka an gama, su zauna da cikon wucin gadi. Wannan cikon na 'yan makonni ne. Ya zaizaye, yawu ya kwanta a kan gataparca wata da watanni, ƙwayoyin cuta su bi ta su sauka. Gara a faɗi kuɗin wanki da na hula a haɗe tun ranar farko.

Sistar Ɗakin Haƙori:
Allah ya saka da alheri. Ga wanda aka yi wa: kada a ci abinci sai allura ta saki, don ana cizon leɓe ba a sani ba. Tsamin kwana 2 zuwa 3 ba abin tsoro ba ne, farasitamol da ibufurofen sun isa, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambayi likita kafin ibufurofen. In haƙorin ne ke fara taɓa na sama idan an rufe baki, a dawo a rage tsayinsa, aikin minti biyar ne. Kumburin da ya nufi ido ko ƙarƙashin haɓa, da zazzaɓi ko wahalar haɗiya, asibiti ne a ranar. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa, ƙashinsa ya fi jinkirin warkewa. Bayan shekara ɗaya a dawo a ɗauki hoto, a ga ko baƙin tabon da hoto ke nunawa a gindin saiwa ya fara cikewa.