Kan sarkin zamanin Turawa a akwatin gado: me kuka tarar, yaya kuka tantance?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Malamin awo ne a wani kamfanin kuza a wajen Bukuru tun kafin a ba da mulki, kuma mutum ne da ba ya yar da takarda. Mun tarar da rasitai, da wasiƙu ɗaure da zare, wasu ma tun na kakanmu, da gwangwanin taba cike da kan sarki. Akwai mai hoton sarki da gemu, akwai na sarauniya tana da ƙuruciya, wasu an rubuta NORTHERN NIGERIA, wasu NIGERIA kawai. Ƙanena ya leƙa intanet ya ga kuɗin da aka sayar da wani, tun ranar bai yi barcin kirki ba. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne wasu guda bakwai jajaye na kwabo ɗaya, duk kamar an tsaga kara, amma wani ya ce mini ba ɗaya ba ne. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya ba mu labarin yadda ya yi.

Tsohon ma'aikacin gidan waya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Ɗana, kafin komai ka rufe gwangwanin nan, kada ka bar ƙanenka ya taɓa shi da hannu mai maiƙo, kuma kada a ɓamɓare ko guda ɗaya daga jikin ambulan. Ni na yi wannan ɓarnar ina matashi, har yau tana cina.

Ka fara da suna da fuska. Waɗanda aka rubuta NORTHERN NIGERIA rayuwarsu gajera ce: an fara su a 1900 da hoton Sarauniya Biktoriya, na Sarki Edward suka zo a 1902, na Sarki Joji na biyar a 1912, daga nan aka haɗe Arewa da Kudu a farkon 1914, sunan ya koma NIGERIA kawai. Sarakunan biyu duk masu gemu ne, shi ya sa ake rikita su. Edward ne mai sanƙo, Joji yana da suma. Idan kuma ka ga kan sarki babu sunan ƙasa ko kaɗan, na Ingila ne, su ba sa rubuta suna tun da suka ƙirƙiro abin a 1840. Sunan da muke kiransa da shi ma ai daga wannan kan da ke jiki ya samo asali.

Mai gyaran agogo, Bauchi Road:
Ni nawa na jiƙa su a ruwan ɗumi, takardar bayan ta saki, na shanya a kan jarida, ba abin da ya same su. Haka na ga ana yi.

Tsohon ma'aikacin gidan waya:
Malam, ka yi sa'a ne, ina jin naka na zamanin Sarauniya Elizabeth ne, su suna jure ruwa. Na farko-farkon nan da gangan aka buga su da tawada mai zuba, musamman kore da shuɗi-shuɗin nan mai ruwan makuba, don kada wani ya wanke hatimi ya sake liƙawa. Wasu kuma takardarsu an shafe ta da alli. Na taɓa zuba na Edward guda tara a kwano, na je na yi alwala na dawo, na tarar ruwan ya rine, fuskar sarki ta koɗe kamar tsohon zane. Babu gyara. Tun daga ranar ba na kai ruwa kusa da abin da ya girme ni.

Malamar firamare, Rikkos:
Ɗan Gangare, jajayenka guda bakwai su suka sa na tsoma baki, don irin su ne suka jawo ni cikin wannan harka. Na gaji nawa daga wajen kawuna. Na ɗauka duk ɗaya ne har na kusa rabar wa ɗalibai, sai wani dattijo maƙwabcinmu ya ce in juya bayansu in ɗaga a haske.

A cikin takardar akwai ɓoyayyen tambari, irin wanda ake gani a takardar kuɗi: kambin sarauta da haruffa biyu, C da A. Iri uku na gani da idona. Na farko kambi ɗaya ne tak a tsakiya da haruffan a ƙarƙashinsa, shi ke jikin na Biktoriya da na Edward waɗanda aka fara bugawa. Na biyu kambuna ne da yawa a jere, sai ka ga guntun wannan a gefe, guntun wancan a sama, ya shigo wajen 1904 zuwa 1905. Na uku shi ma da yawa ne, amma haruffan a lanƙwashe suke kamar rubutun hannu, wannan daga 1921 ne. Saboda haka duk wanda ya kawo maka mai suna NORTHERN NIGERIA da lanƙwasassun haruffa, ka ce masa ya koma da kayansa, don sunan ya mutu shekara bakwai kafin a fara wannan takarda.

Idan haske bai nuna ba, ka kifa shi a baƙin faranti ka ɗiga man laita kaɗan. Tambarin zai fito nan take, man ya bushe ba ya barin tabo. Ban da kusa da wuta dai, kuma ban da kananzir. Ni da matsefata nake ɗaukarsu, wadda na goge bakinta don kada ta huda.

Ɗan Gangare:
Malama, Allah ya saka da alheri. Na gwada yanzu da tocilar waya. Uku masu kambi da yawa da miƙaƙƙun haruffa ne, huɗu masu lanƙwasa. Wallahi jikina har ya yi sanyi, ashe shekaru ne tsakaninsu.

Malamar firamare, Rikkos:
To saura huɗun nan, su ma ba lalle su zama ɗaya ba. Zanen kan Sarki Joji zubi biyu aka yi masa. Ka aro gilashin Malam mai agogo ka duba dogayen allunan gefe biyu inda aka rubuta POSTAGE da REVENUE. A zubin farko kusurwar sama ta ciki a miƙe take, murabba'i. A zubi na biyu ta lanƙwasa ciki. Sannan ka duba adon da ya nannaɗe a kusurwoyin ƙasa: na farko yana da ɗan tsiro kamar toho, na biyu ba shi da shi. Ni sai da na kwana uku ina kallo kafin idona ya kama, amma da ya kama, yanzu daga nesa nake ganewa.

Hajiya daga Abuja:
Ni ba ni da haƙurin ƙirga toho, gaskiya. Abin da ya riƙe ni hotuna ne. Mijina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini jerin 1936, waɗanda aka fara sa wuraren ƙasar nan a jiki. Na sisi yana ɗauke da hasumiyar Gobarau ta Katsina, garinmu, na sule kuma shanun Fulani, na sule goma gadar Jebba. Ku mutanen Jos naku shi ne na ahu, wato kwabo ɗaya da rabi, mai hoton jirgin haƙar kuza. Jikokina ba su san ahu ba, ba su san taro ba, su da naira suka tashi, ita kuwa sai 1973 ta zo. Da waɗannan 'yan takardu nake koya musu tsohon lissafi: kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Na fam ɗaya ne kawai ba ni da shi a jerin, an nemo mini sau biyu, kuɗin ya fi ƙarfina na haƙura.

Tsohon ma'aikacin gidan waya:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ki sa wani jika ya ƙirga miki haƙoran da aka huda a gefen na ahun nan da na taro. Ana ɗora ma'auni a ƙirga haƙora nawa ne cikin santimita biyu. Tsofaffin masu kan sarki zalla goma sha huɗu ne kowane gefe. Amma a jerin 1936 na ahu da na taro an huda su iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya wuyar samu nesa ba kusa ba, kuma ido kaɗai ba ya rabe su.

Ɗan tireda, Terminus:
Bari in ba ku nawa ku yi dariya. Wani ya zo shagona da kan sarki a leda, kore da ja, an rubuta NORTHERN NIGERIA, fam ashirin da biyar, kan Edward. Ya ce na kakansa ne, matsuwa ce ta sa zai sayar. Na taɓa jin cewa wannan na 1904 shi ne gagarabadau a duk na Arewa, kaɗan ƙwarai aka buga, Turawa na neman sa ido rufe. Zuciya ta ce ga arziki ya zo har gida. Na ba shi kuɗin buhun shinkafa biyu, ina ganin na cuce shi. Da na kai wa wani masani ya ɗaga a haske, babu kambi babu haruffa, takarda ce fara fat. Ya sa gilashi ya nuna mini launin ɗigo-ɗigo ne irin na injin buga kalanda, haƙoran kuma da allura aka yi su, wani ya fi wani. Banza ta kori wofi. Yana nan na liƙa shi a jikin kanta, duk wanda ya zo mini da labarin kakansa sai in nuna masa.

Mai gyaran agogo, Bauchi Road:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. To ni ina da wani an huda masa kalmar SPECIMEN da ƙananan ramuka. Shi ma na jabu ne?

Malamar firamare, Rikkos:
Ba lalle ba. Samfuri ne da ake aika wa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a Bern ta raba wa ƙasashe don su san na gaskiya. Na da can bugawa ake yi a kai, daga baya aka koma hudawa. Ba a aika wasiƙa da shi. Ka duba tambarin cikinsa, idan yana nan ka adana.

Ɗan Mubi mazaunin Bukuru:
Nawa na Sarauniya Elizabeth ne, jerin 1953, masu mahayan Barno a kwabo ɗaya, gyaɗa a ahu, kuza a kwabo biyu. Amma an buga CAMEROONS U.K.T.T. da ja a kansu. Na daɗe ina zaton wani ne ya ɓata su. Ashe a 1960, da Nijeriya ta samu 'yanci, yankinmu yana ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya a hannun Ingila, ba a riga an yanke inda za mu ba, shi ne aka yi wannan ƙarin bugu. Aka yi ƙuri'a a Fabrairun 1961, mu na arewa muka zaɓi Nijeriya, aka kira mu Lardin Sardauna, na kudu suka bi Kamaru. Mahaifiyata ta jefa ƙuri'a a ranar, ta sha ba mu labari. Da na nuna mata kan sarkin sai ta yi shiru, ta ce in ajiye mata guda ɗaya a cikin jakarta.

Na kuzar nan ma ku lura, iri biyu ne. Na farko baƙi da ruwan ƙasa, shi aka yi wa bugun ROYAL VISIT 1956 shekarar da Sarauniya ta zo har nan Jos. Daga baya aka mai da shi launi ɗaya mai ruwan toka.

Tsohon ma'aikacin gidan waya:
Ɗan Gangare, ka gaya wa ƙanenka ya yi barci. Jajayen kwabo ɗaya an buga su kamar ƙasa, kowa da su yake aika wasiƙa, ko a kundin farashin Stanley Gibbons kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Na kan rasit da aka ja wa alƙalami ko aka sa hannu a kai su ma haka, sai dai ka kula da masu wanke tawadar su shafa sabon gam su ce sabo ne. Ni da zan zaɓa a akwatin nan, wasiƙun zan ɗauka. Ka duba hatimin da aka buga a kowace: Zungeru, lokacin tana hedikwata kafin a koma Kaduna, ko Lokoja, ko Jebba, ko ƙananan tashoshin kuza na nan saman dutse. Ambulan cikakke mai hatimi a fili, da kwanan wata da hatimin garin da ya sauka a baya, masu tarawa sun fi son sa a kan tulin waɗanda aka ɓamɓare. Kuma ka fitar da su daga gwangwanin. Damunar Jos na sa musu tsatsa ɗigo-ɗigo, kyankyaso na cin gam. Ka sa su a kundi mai aljihu, a tsaye, ba a leda ba.

Ɗan Gangare:
Baba, na bi maganarka. Huɗun nan, da gilashin Malam mai agogo, uku suna da toho, ɗaya babu. Ƙanena ya ce duk wannan wahala a kan abin da ba zai sayi kati ba, ya fita ya bar ni.

Na kwance zaren wasiƙun. Ta can ƙasa mai kan Sarki Joji ce, NORTHERN NIGERIA, hatimin ya fito raɗau: Naraguta, 1913. Adireshin da boko ne, da alama wani malamin ofis ya rubuta, zuwa Kano. Takardar ciki kuwa ajami ce, hannun kakanmu, ban san yadda aka yi ta dawo gidan nan ba. Na iya karanta sallama da sunan wansa, sai wani layi da yake cewa sanyin garin nan ya fi ƙarfin bargo ɗaya. Sauran ya gagare ni. Gobe bayan la'asar zan kai wa limamin unguwarmu ya karanta mana, na ce Inna ma ta zo ta ji.