Yaya ɗalibi ke fara sanin mutanen fagen aikinsa tun yana makaranta?

Ɗan aji biyu, Dundaye:
Assalamu alaikum yayyena. Ina karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kullum ana ce muna takarda kaɗai ba ta ba da aiki, sai ka san mutane. To ni babana manomi ne a Kware, ba mu da kowa Abuja. Ku da kunka riga mu, don Allah da wa ake farawa, kuma in an je gaban mutum mi ake cewa?

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Arkilla:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Ni ƙofata SIWES ce, horon aiki nan na wata shida da ɗalibai ke zuwa yi a ma'aikatu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi. Kemistiri na karanta, kuma a masana'antar siminti ta Kalambaina na yi nawa. Da yawa cikin ɗalibai logbuk, wato littafin rubuta aikin kullum, kawai suke bi, a sa musu hannu su ɓace. Ni kuwa sai na maƙale wa wani dattijo mai gwajin ƙarfin siminti. Aikin da ya ba ni ba na burgewa ba ne: in wanke ƙarafan da ake zuba kwaɓin a ciki, in shafa musu mai, in rubuta kwanan wata a jikin kowane dunƙule kafin a jiƙa shi cikin ruwa, a jira kwana 28 a sa shi a injin matsewa. Ban taɓa ce masa Baba a taimaka mini da aiki ba. Tambaya nake yi, me ya sa wannan ya fashe da wuri, me ya sa wancan ya jure. Bayan na gama ina kiransa da Sallah, in na biyo ta unguwarsu in tsaya mu gaisa. Ina bautar ƙasa ya kira ni da kansa ya ce wani kamfanin gine-gine na neman mai gwaji, ya ba su lambata. Mutum ba ya miƙa sunanka sai ya ga hannunka cikin aiki, don sunansa ne ke tafiya tare da naka.

Ɗan Mabera:
Malam, ka yi sa'a ne kawai. Mu daina yaudarar yara. Garin nan in ubanka ba kowa ba ne, ko ka wanke kwanon duniya ɗan wane za a ɗauka. Na kai CV wata ma'aikata, a gabana masinja ya aza ta ƙarƙashin kofin shayi.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Arkilla:
Ban musa ba, akwai alfarma, kuma kujerun gwamnati da yawa ta nan suke tafiya. Amma ɗan wane ba ya son aikin da ake fita da ƙura a kai, kuma irinsa ya fi yawa. Sannan wa ya san ka a ma'aikatar da ka kai takardar? Masinja kawai ka miƙa wa.

Likitar dabbobi, Runjin Sambo:
Bari in sa baki a madadin mata, don abin da maza ke faɗa ba duka ke yi mana ba. Namiji zai iya zama majalisa bayan Magariba har ya saba da babban mutum. Mace in ta yawaita zuwa ofishin namiji ita kaɗai, magana ce za ta biyo baya, wani lokaci ma shi mai ofishin ne zai sauya zance. Ya faru da ni sau ɗaya a wani wuri, ban koma ba.

Abin da ya yi mini amfani shi ne tafiya cikin ayari. Tsangayarmu tana harabar cikin gari, to in za a fita duba nama a mayanka ko rigakafi a kasuwar dabbobi ta Kara, nakan rubuta sunana da wuri. Can na haɗu da wata Hajiya, babbar likita. Ta ga yadda na kama wata jar akuya na buɗe bakinta ina duba haƙora, ta ce ɗiyata wa ya koya miki? Na ce kakata. Ta yi dariya, ta ce in zo in riƙa riƙe mata littafin allura. Ita ta fara kai ni taron ƙungiyar likitocin dabbobi, ta riƙa gabatar da ni da bakinta. Ƙanne mata, ku nemi matan da sunka riga ku a fannin, kuma ku sanar da gida inda za ku. Da Inna ta san Hajiya, fita ba ta ƙara zama rigima ba.

Lakcara, Gwiwa:
Ina karanta ku ina murmushi. Ɗalibai na tsallake mu su tafi neman manya a intanet, alhali kusan duk wata sai tsohon ɗalibi ko abokin karatu ya kira ni ya ce Malam, ba ka da yaro mai ƙoƙari? Jami'ar nan tun 1975 take, ɗalibanta sun cika bankuna, kotuna, asibitoci da ƙungiyoyin agaji. Matsalar ita ce a ajin da ya haura mutum ɗari biyu, fuskar da nake iya tunawa ba ta wuce goma ba. Wanda na sani shi ne wanda ya biyo ni bayan lakca da tambaya mai ma'ana, ko ya taya ni tattara bayanan bincike a ƙauye. Wanda bai taɓa sallama da ni ba sai ranar da yake son takardar shaida zuwa karatu waje, me zan rubuta a kansa? Kuma don Allah, saƙon WhatsApp da ke cewa "Slm" kawai, sai a yi shiru ana jiran in amsa, ba na amsa shi. Faɗi sunanka, sashenka, ajinka, da abin da ke tafe da kai, a saƙo guda.

Mai haɗa manhaja, Gidan Igwai:
Ɗan aji biyu, fanninmu ɗaya, to saurara. Namu ya fi sauƙi, don aikinka na iya isa inda ƙafarka ba ta kai ba. Shiga ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta NACOS, kuma kada ka tsaya a biyan kuɗin rajista, ka karɓi aiki: jera kujeru, ɗauko baƙo daga masauki. Wanda ya ɗauko baƙo ya samu rabin awa da shi a mota, tun daga cikin gari har a wuce Kwalkwalawa a hanyar jami'a, abin da masu zama a zaure ba za su samu ba. Buɗe LinkedIn, dandalin ma'aikata na intanet, da hoto na mutunci, ka sa ayyukanka a GitHub, inda masu haɗa manhaja ke ɗora aikinsu, ko ƙanana ne. Ni abin da na fara ɗorawa wata 'yar manhaja ce da na yi wa kawuna mai sayar da albasa, tana riƙe masa lissafin buhuna da bashin dillalai. Wani a Legas ya gani ya yi tambaya, daga nan munka fara. Shirin koyar da fasahar kwamfuta na 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023 ma na shiga, kuma abokan da na samu a ciki sun fi mini darasin amfani.

Kada ka raina na kusa da kai a benci. Aikina na biyu wanda muke raba data da shi a hostel ne ya kawo shi.

Ɗan Mabera:
To na ji. Amma ku faɗa masa gaskiya, abin nan yana cin kuɗi. Motar Dandima zuwa makaranta, kabu-kabu, data, wani taron ma sai ka biya.

Akanta, Tudun Wada:
Yana ci, shi ya sa ake zaɓe. Ni jarrabawar ATS, ta matakin farko ta ƙungiyar akantoci ICAN, na fara tun ina aji biyu, kuma a ajin share fage na Asabar na zauna benci ɗaya da ma'aikatan banki da na ofishin odita, wasu sun haife ni. Ina taya su lissafin da ya shige musu, su kuma suna gaya mini inda za a buɗe gurbi tun kafin a sanar. Kuɗin mota kam na sha rasa shi. In taro biyu sunka haɗu a mako guda, wanda masu aiki za su zo nake zuwa, in bar wanda ɗalibai zalla ne, tunda su gobe ma muna tare a aji.