Tambaya: wai Yahudawa ma suna da aikin hajji ko wuraren ziyara nasu?

Tela_Kasuwar_Barci:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah akwai abinda ya tsaya min a rai tun ranar Asabar nake so masana su warware min. Ni tela ne a Kasuwar Barci, kuma akwai wani dattijo Kirista mai saida zare da maɓalli da zif kusa da shagona, mun fi shekara goma muna maƙwabtaka, Baba nake ce masa. To ranar nan wuta ta ɗauke muna zaune muna hira sai ya ɗauko waya yana nuna min hotunan tafiyar da yayi Isra'ila shekarun baya, sai naga wani ƙaton bango na manyan duwatsu, maza sun jeru sun fuskance shi, wasu da baƙar malfa da dogon gemu wani ma ya kifa goshinsa jikin dutsen, kuma duk tsagar da ke tsakanin duwatsun cike take da 'yan takardu a nannaɗe. Nace Baba wannan fa? yace Yahudawa ne suke addu'a, kafin ya ƙarasa min bayani kwastoma ya shigo maganar ta wuce.

Shine nake tambaya, wannan bangon shine kamar Ka'abarsu? suna da aikin hajji na wajibi irin namu ko kuwa ziyara ce kawai? kuma bayan nan akwai wasu wuraren da suke zuwa? Ilimi nake nema wallahi ba rigima ba.

Yakubu_JP_SabonTasha:

Salama ɗan'uwa. Ni na taɓa zuwa wurin da ƙafata lokacin da muka je ziyarar Urushalima, bari in faɗa maka abinda na gani da wanda aka koya mana.

Ba Ka'abarsu bane kai tsaye. Asalin wurin ibadarsu shine Haikali, na farko Sulemanu ne ya gina, mutanen Babila suka rushe, aka sake gina na biyu, sarki Hirudus ya faɗaɗa filin ya kewaye tudun da manyan katangu, sai Romawa suka zo a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu suka ƙone Haikalin. Wannan bangon da ka gani ba jikin Haikalin bane ma, ɓangaren katangar yamma ce da ta tokare tudun, tana cikin abinda ya tsira, shi yasa su suke ce mata bangon yamma, Turawa ne suka yayata sunan bangon kuka saboda yadda suke ganin mutane na kuka a wurin. Lokacin da Haikali ke tsaye sau uku a shekara ake hawa Urushalima, Idin Ƙetarewa da Idin Makonni da Idin Bukkoki, a je da hadaya, to wannan shine za ka iya kira hajjinsu. Tunda aka rushe babu hadaya kuma, abin ya koma addu'a da tunawa. Har yau suna da rana guda a shekara, tara ga watansu na Ab, suna azumi su zauna a ƙasa suna karanta makoki saboda rushewar.

Shiga wurin sai an caje ka kamar filin jirgi. Maza gefe guda mata gefe guda da shinge a tsakani, kuma namiji baya ƙarasawa kai a buɗe, akwai 'yar hula a bakin wurin kyauta ka ɗauka ka ɗora. Akwai famfuna da kofi mai hannu biyu da suke wanke hannu da shi. Duwatsun ƙasa kuwa ɗaya ya fi ƙofar shagonka girma, wajen da hannu ke kaiwa yayi sumul saboda shafa. Abinda ya fi taɓa ni wata tsohuwa ce da na hango ta ɓangaren mata, da ta gama bata juya wa bangon baya ba, da baya da baya ta dinga tafiya a hankali jikarta na riƙe da hannunta har suka fita. Takardun nan roƙo ne mutum ke rubutawa, mai neman haihuwa, mai mara lafiya a gida, kuma basa hana wanda ba Bayahude ba, nima na saka. Sau biyu a shekara ake kwashe su a kai Dutsen Zaitun a binne, ba a karantawa ba a ƙonawa.

Malam_Sani_URimi:

Wa alaikumus salam. Yakubu ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka, amma akwai abinda ya kamata in ƙara don kar a ɗauki rabin labari. Wannan bangon mu Musulmi bangon Buraƙa muke ce masa, saboda ruwayar cewa a nan aka ɗaure Buraƙa daren Isra'i, kuma saman tudun da bangon ya tokare nan ne harabar Masallacin Ƙudus take, alƙiblarmu ta farko. Wato mai addu'a a ƙasa da mai sallah a sama tsakaninsu 'yan taku ne, nan ne tushen zafin wurin. Daga 1948 zuwa 1967 tsohon birnin yana hannun Jodan, Yahudawa basa samun zuwa bangon sam. Da Isra'ila ta kama wurin a yaƙin 1967, cikin 'yan kwanaki aka rushe unguwar Magaribawa da ke manne da bangon, gidajen Musulmi ne da suka yi ɗaruruwan shekaru a nan, shine aka samu wannan ƙaton filin da ka gani a hoton Baba. Duk biyun sun faru, kuma wanda zai faɗi ɗaya ya ɓoye ɗaya bai yi adalci ba.

Wuri na biyu a wajensu shine Hebron, mu muna cewa Al-Khalil, inda ake cewa kabarin Annabi Ibrahim da Annabi Ishaƙa da Annabi Yaƙuba (AS) da matansu suke. Gini ɗaya ne, mu Masallacin Ibrahim su kuma kogon Makfela. Ɗaruruwan shekaru ba a barin Bayahude ya wuce matakala ta bakwai a waje, nan suke tsayawa su yi addu'arsu. A 1994 cikin watan azumi wani Bayahude ɗan kama wuri zauna ya shiga ana sallar asuba ya buɗe wuta ya kashe mutum 29, bayan nan aka raba ginin biyu, kowa da ƙofarsa, sai kwana goma a shekara da ake bar wa kowane ɓangare ginin gaba ɗaya a ranakun idinsa. Sai kabarin Rahila mahaifiyar Annabi Yusuf kusa da Baitalami, mata masu neman haihuwa sun fi zuwa nan. A Iraƙi ma akwai garin Kifl inda suke cewa kabarin annabinsu Ezekiyel ne, Musulmin wurin kuma suna cewa Zulkiflu ne, da wani a bakin kogin Dijla da ake jingina wa Uzairu, da can Yahudawan Bagadaza ke cika wuraren nan kafin su bar ƙasar a farkon shekarun 1950.

Abu_Rigasa:

Ni dai gaskiya ban ga amfanin wannan zancen ba a irin wannan lokaci, ana kashe yara a Gaza mu kuma muna nan muna lissafa wuraren ibadarsu. Raina baya so wallahi.

Malam_Sani_URimi:

Abu, abinda ke ranka yana raina, ba ranar da bana saka mutanen Gaza a addu'a. Amma bawan Allah nan tambaya yayi ta ilimi, kuma rabin wuraren da na lissafa kaburburan annabawanmu ne, in bamu san su ba wa zai sani? Sannan addinin mutane daban, aikin gwamnati da sojanta daban, akwai Yahudawan da ke fitowa zanga zanga kan abinda ake yi a Gaza.

Maman_Hanif_Barnawa:

Assalamu alaikum, ku bari 'yar uwarku ta saka baki. Ni a Maroko nayi karatu kuma abinda na gani can ya bani mamaki sosai don ban taɓa zaton akwai Yahudawa a ƙasar Musulmi haka ba. Mun je Fas ziyarar Shehu Tijjani da wata ƙawata 'yar garin, da muka fito tace zo in nuna miki Mallah, wato tsohuwar unguwar Yahudawa, tana nan jikin fadar sarki. A ƙarshenta akwai maƙabartarsu, kaburbura farare tas an shafe su da farar ƙasa sun jeru har gangare, wasu da ɗan rami a jiki da yayi baƙi saboda kyandir, kuma a kan wasu zaka ga ƙananan duwatsu an ɗora. Na tambaya tace su basa kai fure, duk wanda ya ziyarci kabari tsakuwa yake ɗorawa alamar an zo ba a manta da mamacin ba. Wani kabarin tsakuwa biyu, wani tuli.

Wajen ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai kusan dubu 250, yanzu 'yan dubbai ƙalilan suka rage, amma duk shekara 'ya'yansu da jikokinsu suna dawowa daga Faransa da Kanada da Isra'ila ranar zagayowar rasuwar wani malaminsu, suna ce wa taron hilula, a kwana kusa da kabarin ana kunna kyandir ana yanka ana rabon abinci. Akwai na Amram bin Diwan kusa da Wazzan, akwai na Hayim Pinto a Sawira bakin teku. Kuma a ƙauyuka da yawa da babu Bayahude ko ɗaya yanzu, Musulmi ne ke riƙe da makullin maƙabartar suna sharewa, wani ma gadon aikin yayi wajen babansa. Ni kam da na gani Hubbaren Shehu ne ya faɗo min a rai, yadda mutanenmu ke zuwa Sakkwato da masu tafiya Kaulaha.

A Tunisiya ma akwai tsibirin Jarba, da majami'arsu da ake kira Ghariba, mata na rubuta suna jikin ƙwai su ajiye a wani ɗan lungu suna roƙon aure ko haihuwa. An kai musu hari a 2002, aka sake kai wani a 2023 lokacin ziyarar, kuma cikin waɗanda suka mutu a na biyun akwai jami'an tsaron Tunisiya da ke gadinsu.

Dr_Bash_Malali:

Slm. Ni a Yukren nayi karatun likita kafin yaƙi ya koro mu a 2022, so zan iya ƙara wani abu. Akwai wani ƙaramin gari Uman, kudu da Kiyef, can kabarin wani malaminsu yake Nahman na Breslob, ya rasu 1810 yana da shekara 38 kacal. Kafin ya mutu yayi wa almajiransa alƙawari cewa duk wanda yazo kabarinsa yayi sadaka ya karanta wasu surori goma na Zabura zai tsaya masa, to shine duk sabuwar shekararsu wajen watan Satumba maza dubun dubata suke cika garin, 'yan gari su bada hayar ɗakunansu da tsada su koma wajen dangi na sati guda, har allunan shaguna zaka gani da rubutun Ibrananci. Ko da yaƙin ya fara basu fasa zuwa ba. Shi da kansa ya zaɓi a binne shi a nan saboda Yahudawa masu yawa da aka yi wa kisan gilla a garin a 1768.

Amma fa ba dukkansu suka yarda da wannan ba, suma suna da irin muhawarar da muke yi tsakanin 'yan Izala da 'yan ɗariƙa, wasu malamansu na cewa Allah kaɗai ake roƙa me ya kai ka kabari har ka bar iyalinka ranar idi, masu zuwa kuma suce ba mamacin muke roƙa ba albarkacinsa muke nema. Taron da ya fi girma ma a dutsen Meron yake a arewacin Isra'ila, kabarin wani malaminsu na da can Shimon bar Yohai, inda a 2021 aka yi turmutsutsu a wata siririyar hanya mai gangara mutum 45 suka mutu har da yara, ranar da naga labarin Mina ta 2015 na tuna da alhazanmu da suka tafi basu dawo ba.

Sai kuma wuraren da ba na waliyyai bane, na tunawa ne zalla. A gefen Kiyef akwai wani kwari Babi Yar, 'yan Nazi sun harbe Yahudawa 33,771 a nan cikin kwana biyu a Satumban 1941. Na je sau ɗaya, yanzu kamar lambun shaƙatawa ne da bishiyoyi, mutane na tura keken jarirai, sai ka iso wajen abin tunawa da yaran da aka kashe kaga an ajiye 'yar tsana da tsakuwoyin nan da Maman Hanif ta faɗa. Na kasa cin abinci ranar. A Polan kuma akwai sansanin 'yan Nazi na Aushwiz, inda aka kashe mutum sama da miliyan ɗaya mafi yawansu Yahudawa, tun 1988 matasansu ke zuwa su yi tattaki na kilomita uku daga sansani ɗaya zuwa ɗayan, a karanta sunaye ayi addu'ar mamaci da suke kira Kaddish, wadda sai mutum goma sun haɗu ake yinta.

Tela_Kasuwar_Barci:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi, Malam Sani da Yakubu da Maman Hanif da likita duk na karanta har sau biyu. Abu kaima na fahimce ka, Allah ya kawo wa mutanen Gaza sauƙi.

Ɗazu da safe na karanta wa Baba abinda kuka rubuta, yana ta gyaɗa kai yana cewa haka ne, hular ma yace har yanzu tana cikin akwatinsa. Sai nace Baba kai ma ka saka takarda a bangon? yace ya saka. Nace me ka rubuta, in ba sirri bane. Yayi shiru yana jera zare a kwali, can yace sunan babban ɗansa ne, ya fita da safe lokacin rikicin 2000 bai dawo ba kuma ba a ga gawarsa ba balle a san inda za a je a tsaya. Shekara goma muna tare ban taɓa sanin yana da wani ɗa bayan waɗanda nake gani suna kawo masa abinci ba. Na rasa me zan ce, nace Allah ya baka haƙuri Baba, yace amin ɗana, sai aka kawo wuta na koma kan keke.