Ku da kuka zauna a ƙasar waje, me ya fi ci muku tuwo a ƙwarya?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya dawo daga waje labarin titi mai kyau da wutar da ba a ɗaukewa yake ba mu, mun ji har mun haddace. Yau ɗaya ɓangaren nake so: ƙananan abubuwan nan da ba su kai a kira su matsala ba, amma kullum sai sun ɓata wa baƙo rai. Sharaɗi ɗaya, sai wanda ya kama haya ya yi cefane da kuɗinsa. Alhazan kwana arba'in ku yi haƙuri, yau sauraro ne naku.

Injiniyan Hotoro:
Wa alaikumus salam. Ni Jamus na zauna, kuma Lahadi zan fara ambata. Kantuna a rufe suke ruf, sai na tashar jirgin ƙasa da gidan mai da masu burodi da safe. Gishirinka ya ƙare daren Asabar, to sai Litinin. A nan yaro za ka tura maƙwabta ya karɓo, can ƙofar wa za ka buga? Kuma Lahadin ba a buga ƙusa a bango. Kullum ma daga 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne. Da azumi na kunna injin markaɗe kafin sahur, gari na wayewa na tarar da takarda manne a ƙofa, ba suna ba gaisuwa. Mutumin da kullum muke haɗuwa a matattakala ya kasa faɗa mini da baki.

Sai shara: takarda daban, leda da gwangwani daban, ragowar abinci daban, kwalba kuma a raba fara da koriya da ruwan ƙasa. Robar ruwa ba a yar da ita, senti 25 ɗinka ne a jikinta, sai ka mayar kanti ka karɓa. Wannan kam na yaba. Wanda ban yaba ba shi ne, kana yin rajistar adireshi, wadda dole ce cikin kwana 14 da tarewa, sai ga wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin, yuro 18.36 duk wata, kana da talabijin ko ba ka da ita. Gidan hayar kuma na tarar ba kicin, bututu ne kawai ya leƙo daga bango.

'Yar Gwale:
Yaya, ba kicin kamar yaya? Har wurin wanke-wanke?

Injiniyan Hotoro:
Har shi, ƙanwata. Wanda ya tashi ya kwance kayansa ya tafi da su, da murhu da durowa, har fitilun rufi. A can ba abin mamaki ba ne.

Malamar Jinya:
Ni har yanzu ina Ingila, hutu ne ya kawo ni gida Ƙoƙi. Na ga ba wanda ya yi maganar buta, ko kunya kuke ji? Banɗaki fes, amma ba ruwa sai takarda. Duk Bahaushen da ke can akwai ƙaramar roba a jakarsa, kuma ba don ƙishirwa ba. Tsofaffin gidaje famfo biyu ne a wurin wanke hannu, ɗaya ya ƙona ki ɗaya ya daskarar da ke, haka za ki yi alwalar asuba kina tsalle tsakaninsu.

Lokaci ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ƙarshen Maris a tura agogo gaba da awa guda, ƙarshen Oktoba a dawo da shi. A Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk su riske ki kina kan aiki. Shekarun da azumi ya faɗo a tsakiyar rani kuwa, sama da awa 18 muka riƙa yi.

Amma duk wannan jiki yana sabawa. Abin da na kasa sabawa da shi rashin mutane ne, alhali gari cike yake da su. Ba ki isa ki tashi ki je gidan wani don kawai kin yi kewarsa ba, sai an sa rana, wani lokaci sati biyu gaba. Wata tsohuwa da muke katanga ɗaya ta rasu, ban ji ba sai da na ga an kafa allon sayar da gidan. Jana'iza sai ta kai sati biyu ko uku, kuma ba zaman makoki da za ki shiga ki yi gaisuwa ki fito. Na yini ranar ina jin kamar na ci amanar maƙwabtaka. Babbar sallah ma ba ki isa ki kayar da rago a bayan gida ba, sai mayankar da hukuma ta amince da ita, shi ya sa yawancinmu kuɗin layya muke turowa Kano, mu ga suyar a waya.

Ɗan Kwari:
Anti, ke da kika samu masu ƙyale ki ai ki gode Allah. Mu a birnin Guwanzu na ƙasar Sin kallo ne ya ishe mu. A unguwar Shawbe da baƙaƙe suka yi yawa an saba, amma ka shiga ƙauye duba masana'anta, sai ka ga waya ta ɗago ana ɗaukarka hoto ba sallama. Wani yaro ya taɓa shafa hannuna ya duba tafinsa.

Ka nemi ruwa a ba ka mai zafi, ko da gumi na zuba. WhatsApp da Facebook da Google duk a toshe, mahaifiyata ta ɗauka na samu duniya na manta da ita, sai da ƙanina ya sa mata WeChat, manhajar hira ta Sinawa. Kuɗin hannu kuma ya zama abin kallo, mai gasa dankali a bakin titi ma waya zai nuna maka. In ba a otal ka sauka ba dole ka yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24, kuma ba kowane otal ne ke karɓar baƙo ba, da fasfo da kuɗinka a hannu a ce ka ƙara gaba. Waɗanda Afrilun 2020 ta riska a can, lokacin da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya saboda korona, su ne da labari. Abinci dai Allah ya saka wa masu taliyar Lanzu da Musulmin Shinjan masu tsire da alheri, su suka riƙe mu.

Hajiyar Jidda:
'Ya'yana, ku duk ƙasar da ba a kiran sallah kuka je. Ni Saudiyya na zauna, inda ake kiran sallar, kuma ban huta ba. Igama, wato katin izinin zama, ita ce ranka. Asibiti igama, layin waya igama, makarantar yaro igama, kuma tana rataye da kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka. A zamaninmu ko rasuwa aka yi maka a gida sai ya amince a ba ka bizar fita da dawowa. A 2017 aka ɗora kuɗi a kan kowane mutum ɗaya na iyalin baƙo, riyal 100 a wata, ana ƙarawa har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya biyar ya lissafa. Gidaje da yawa a lokacin suka kwaso yara zuwa Kano, yaran da a can aka haife su, Hausarsu ma a karye take, amma haihuwa a can ba ta sa ka zama ɗan ƙasa.

Ƙaramin abin haushi kuwa, kina sanye da abaya mai tsada a kanti, wata ta matso ta tambaye ki ko kina neman aikin gida.

Tsohon Ɗalibin Alƙahira:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, wannan ta ƙarshen ta yi ciwo. Mu a Masar mai gadin bene ne sarki. Ya san wanda ya shigo wurinka da lokacin da ya fita, kuma duk wata da kasonsa. Sabunta takardar zama kuwa, ka yi asubanci ka bi layi, ka kai taga a ce gobe, goben ma gobe. Direban tasi kuma ya riga ya yanke cewa daga Sudan kake, kana cewa Najeriya sai hirar ƙwallo har ka sauka. Abu ɗaya da nake so a kawo mana: kwandon da mata ke zurowa da igiya daga saman bene, mai kanti ya sa kaya a ja.

Baban Yakasai:
Na karanta duka. To mu fa? Ku je Kurmi ku ga yadda kuɗin jakar fata ke ninkawa in Bature ya tsaya a kai. Yara su bi shi layi guda suna kiransa, manya na dariya. Sinawan da ke Kwari wa yake kiransu da sunansu? Kwarori, wato 'yan Lebanon, sun haura shekara ɗari a garin nan, jikokinsu Hausa ta zauna a bakinsu, har yau baƙi muke ce musu. Kuma baƙo bai gama shan ruwa ba mun tambaye shi matansa nawa, me ya hana shi haihuwa.

Ɗan Kwari:
Baba, gaskiya ne, amma mu dai mun ba shi ruwan kafin tambayar.

Injiniyan Hotoro:
Baba ranka ya daɗe, dawowar ma da nata. An ce taron unguwa ƙarfe 4, na je 4 daidai, ni na taya mai kujeru saukewa. Har yau in mai adaidaita sahu ya danna mini hon a danja sai gabana ya faɗi, in ɗauka wani laifi na yi.

'Yar Gwale:
Anti Malamar Jinya, ni watan gobe zan taho karatu in sha Allah, kuma Umma ta riga ta sa a yi mini kilishi da dambun nama. Za su wuce?

Malamar Jinya:
Kayya, ƙanwata. Nama da kayan madara daga Najeriya ba sa shiga Birtaniya, ko busasshe ne, har man shanu. In kare ya shinshino a filin jirgi kwashewa za su yi. Busasshen kifi ana bari har kilo 20. Kuka da kuɓewa da yaji ni dai nawa suna wucewa. Daddawa ki naɗe ta leda uku ki sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk kayan sawarki sun tashi daga aiki. Ki ce wa Umma a raba kilishin a gida, ta sayo miki buta a Rimi.