"Bashi hanji ne, yana cikin kowa": ta wanke mai taurin bashi?

Ɗan Kurmi:
Jama'a, jiya a kasuwa wani ya tare abokinsa kan kuɗin atamfa. Shi kuwa ya ce masa "bashi hanji ne, yana cikin kowa", ya kaɗa riga ya tafi. Saura ƙiris a yi dambe. Nan ne muhallin maganar?

Malamin Tarihi:
Bashi ya girmi kwabo nesa ba kusa ba. Sai wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka fara buga tsabar kuɗi a Lidiya, wata daula a yankin Turkiyya ta yau, amma tun da daɗewa mutanen Iraƙi ta dā ke rubuta bashin sha'ir da azurfa a allunan yumɓu. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila, wanda bashi ya sa ya ba da matarsa ko ɗansa bauta, shekara 3 za su yi, a ta 4 a sake su. Kowa na ci, amma ba su ɗauke shi wasa ba.

'Yar Damagaram:
Malam, kakata ma tana da allonta. Man gyaɗa take sayarwa, kowace mai bashi da layinta a bangon madafa, ludayi ɗaya zane ɗaya da gawayi. Wata damina bangon ya faɗi da bashin unguwa duka. Washegari sai ga mata suna sallama: "Inna, nawa zane bakwai ne." Mace ɗaya ce ta yi gum, Inna kuwa ba ta taɓa tada maganar ba. Ranar da Inna ta rasu matar ta zo ta'aziyya, ta kwance bakin zaninta ta miƙa wa mahaifiyata kuɗin tana kuka.

Baban Iro:
Allah ya jiƙan Inna. Da 'yan siyasarmu ne, da kansu za su tura bangon. Su ciyo bashi a ƙasashen waje, jikokinmu su biya.

Ustaz Na-Zariya:
Ku tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, kan rubuta bashi ce. Mai bin bashi ne ya kamata ya faɗi karin maganar don ya sassauta, ba wanda ake bi ba.

Baban Iro:
Ustaz, ka kai wannan wa'azin majalisa.

Ɗan Kurmi:
To mai atamfa dai har yanzu bai ga kuɗinsa ba. 'Yar Damagaram, nawa kwalbar man gyaɗa a wajenku yanzu?