Kuntigi a jakar mai ziyara

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Raina a ɓace yake tun jiya. Kun san mun ɗaura niyyar zuwa maulidin Prang da ƙafa daga nan Kumasi, ta Mampong, Ejura da Atebubu, tafiyar kusan kilomita 200. Muna haɗa kaya sai madugun tafiyar ya ga kuntigina a jaka. Gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya ɗaya, ko nauyin buta bai kai ba. Niyyata in mun yada zango da dare, ƙafafu sun kumbura, in ɗan taɓa shi a hankali mu yi begen Annabi, zuciya ta samu ƙarfi. A gaban yara ya ɗaga shi sama ya ce, "Mu ba ma tafiya da maroƙa." Ni tela ne, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ku gaya mini, ɗan kayan kiɗa a jakar matafiyi yana ɓata ziyara?

Hajiyar Alabar: Wa alaikumus salam. Ɗana, tsaya tukun. Yadda ka rubuta "maroƙa" kamar an jefe ka da ƙazanta, shi ya fi ɓata mini rai. Mahaifina sanƙira ne, kakata zabiya ce. Wa ya shelanta sunanka ranar suna? Wa zai tsaya a ƙofar gida ranar ɗaurin aurenka ya faɗa wa jama'a asalinka? Ka janye.

Ɗan Aboabo: Hajiya, ki yi haƙuri, ba ni na faɗa ba, faɗa mini aka yi.

Hajiyar Alabar: An faɗa maka, kai kuma ka ɗauke shi zagi. Duk ɗaya ne.

Ƙanin Madugu: Yayana bai zagi kowa ba. Wanda ya riƙe kuntigi maroƙi ne, ko ya roƙa ko bai roƙa ba. Haka muka tashi muka ji.

Almajirin Tafo: Ba haka ba ne. Makaɗi daban, mawaƙi daban, maroƙi daban. Maroƙi shi ne mai yi wa mutum kirari don a ba shi. Wannan bawan Allah Annabi zai yaba a dajin Ejura, wa zai yi masa liƙi a can?

Ƙanin Madugu: To Ɗan Maraya Jos da me ya shahara in ba kuntigi ba? A gidajen biki yake yi, ana yi masa liƙi.

Hajiyar Alabar: Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2015, kuma har yau ana jin nasiharsa. Ranar sallah idan Sarkin Zango ya fito, algaita da ganga ke gabansa, ku ne kuke rige-rigen ɗaukar hoto. A ranar maroƙi mutum ne, yau kuma ya zama abin ƙyama?

Ustazun Sawaba: Jama'a, ku bar maroƙi, ku dubi hukunci. Akwai hadisi a Bukhari da ya ambaci mutanen da za su zo suna halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Kuma a 1926 an yi rikici a Mina har aka zubar da jini, saboda bushe-bushen sojojin da suka rako ayarin Masar. Ibada ba wurin kiɗa ba ce. Ni ma ita kanta tafiyar ina da magana a kanta.

Kawun Yalwa: Ustazu, tsaya a kan kuntigi. Kada ka shigo mana da maganar maulidi ta taga, mun san inda za ka. Tun Shehu Abdullahi Maikano, shehinmu na Tijjaniyya, yana raye muke zuwa Prang, ya rasu a 2005 ba mu fasa ba, kuma ba za mu fasa ba.

Ustazun Sawaba: Kawu, ban ambaci sunan kowa ba.

Kawun Yalwa: Ba sai ka ambata ba.

Almajirin Tafo: Malam, ai Anjasha yana rera wa raƙuma waƙa a cikin tafiya tare da Manzon Allah (SAW), ba a hana shi ba, cewa aka yi ya sassauta saboda matan da ke kan raƙuman. Kuma Imamu Gazali a Ihya, a babin sauraro, farkon abin da ya lissafa cikin halal shi ne waƙar mahajjata, waɗanda ke zaga gari da ganga suna tada wa mutane begen Ka'aba.

Ustazun Sawaba: Anjasha da murya ya yi, ba da kayan kiɗa ba. Kuma ka ƙarasa karatun. A wurin nan dai Gazali ya ce halal ne muddin ba a sa mabusa da kayan tsirkiya ba. Kuntigi me gare shi? Tsirkiya. Hujjarka ta juyo kanka.

Almajirin Tafo: Dalilin da ya bayar shi ne a zamaninsa kayan tsirkiya alamar mashaya ne. A Aboabo wa ya san kuntigi da zaman giya? Ibnu Hazmi ma gaba ɗaya bai ga haramcin ba. Kuma a Kano 'yan Ƙadiriyya da bandiri suke zikiri.

Ƙanin Madugu: Mu ba 'yan Ƙadiriyya ba ne. A wazifa ka taɓa jin kiɗa?

Ɗan Aboabo: Ni ban ce zan kaɗa a wazifa ba! Bayan lisha na ce, an gama komai.

Kawun Yalwa: Bari in gaya muku abin da yara ba su sani ba. Hanyar nan da za ku bi ita ce tsohuwar hanyar goro. Daga Kumasi a hau dutsen Mampong, a sauka Ejura, Atebubu, Prang, a ƙetare ruwa a Yeji, sai Salaga, daga nan har Kano. Bayan yaƙin Salaga na 1892 ne fatake da yawa suka watse, wasu Kete Krachi, wasu nan. Kakana ya bi ta da jakuna, daga baya ya wuce hajji da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, yana noma yana ɗinki a hanya don guzuri, ya yi shekaru bai dawo ba. Ya ce ayarin fatake ba ya rasa mai ganga, da ita ake tashin mutane da asuba a ɗaura kaya. Amma a ayarin hajji ban ji ya ambaci kiɗa ba, sai ishiriniya da baki. Ni abin da na ji ke nan.

Hajiyar Alabar: To ka ji, Kawu. Mai gangan nan maroƙin madugu ne. Da can madugu ba ya tafiya sai da maroƙi, na yanzu kuma yana korarsu.

Ɗan Nima: Ku 'yan Kumasi komai sai kun mai da shi shari'a. Mu nan Nima a Accra mota muke shiga mu je mu dawo. Kuma kuntigi ma ba na ƙasar nan ba ne, in kiɗan Gana yake so ya nemi kologo na ƙabilar Farafara.

Ƙanin Madugu: Wa ya sa da kai? Hausar ma a bakinmu kuka koya.

Ɗan Nima: A bakinku? Limamin ƙasa a ina yake zaune, Kumasi ko Fadama ta Accra?

Almajirin Tafo: A Fadama yake, amma wa ya fara kafa zango? Ku da ko ƙwallo ba ku iya ba, Kotoko ta Kumasi ta ɗauki kofin Afirka a 1970 da 1983.

Ɗan Nima: Hearts ta Accra ta ɗauka a 2000, ta kuma doke ku a wasan ƙarshe na kofin Confederation har cikin gidanku. Ka manta ne?

Mai Shayin Asawase: Ni dai ɗana, shawara ɗaya. Raɓar dare tana sa fatar ta saki, sai ka gasa ta a bakin wuta kafin ta yi amo. Ka naɗe shi a leda cikin riga, kada ka rataye a bayan jaka. Kuma ka fi damuwa da takalminka, hawan Mampong ba wasa ba ne.

Ƙanin Madugu: Ba inda zai naɗe. Yayana ya riga ya yanke.

Ɗan Aboabo: Har yanzu ba wanda ya amsa tambayata.

Mai Kula da Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda kuntigi ba shi da gurbi a tafiyar ibada. Ustazu ya kawo hujja daga Gazali, Kawu kuma ya tabbatar magabata da baki suke bege a hanyar hajji. Maganar "maroƙa" kuwa, na san madugu tun muna makarantar allo, ba mai wulaƙanta mutane ba ne, gyara ya yi nufi. Hajiya, girmanki ne, a bar ta haka. Ɗan Aboabo, ƙanena, ka je gobe ka gaishe shi, ka bar abin a shagonka. Duk wanda ya sake kawo zancen ƙwallo zan cire shi na mako guda. Masu tafiya, a haɗu ranar Asabar bayan sallar asuba a ƙofar masallacin unguwa, kowa da butarsa da tabarmarsa da sidi 50 na abincin hanya.